Yashi a Injin Marigayi Samson

Ranar Asabar da safe aka tayar da injin, kafin rana ta take ya mutu.

Babbar motar marigayi Samson ce, tsohuwa mai dogon hanci, wadda agogon tafiyarta ya zagaya ya dawo sifili tun ɗansa Yafet yana firamare. Tun farkon damina take garejin Martins, a bayan layin dogo na Kafanchan. Martins ya sauke injin, ya warware shi har ƙusar ƙarshe. Ya kai kirankshaf Jos aka goge, ya sa sababbin fistin da ringi da metal, ya canja nozul, sannan ya ƙara masa tobo mai ƙara wa inji ƙarfi da babban lagireto, abin da motar ba ta taɓa samu ba a zamanin mai ita. Yafet kuwa aladunsa ya riƙa kaiwa kasuwar Katsit ɗaya bayan ɗaya, har garken ya ƙare, don motar ta tashi kafin a fara haƙar citta.

Unguwa ta taru. Fasto ya ɗora hannu a kan ƙarfen ya yi addu'a, matan zumuntar coci suka yi waƙa, Milka, mahaifiyar Yafet, tana zaune a benci a tsakiyarsu. Yafet ya hau ya murɗa makulli. Bugu ɗaya injin ya kama, da wata murya mai kauri, ba tari ba gargada. Mata suka rangaɗa guɗa.

Martins ya ce a bar shi ya yi zafi. Ana cikin gaishe-gaishe sai ya ga allurar mai tana sauka. Fiton tobo ya rikiɗe ya zama ihu. Daga can cikin injin wani bugu ya taso, kamar ana dukan ganga ta ƙarfe da guduma. Martins ya daka tsawa a kashe, amma kafin hannun Yafet ya kai ga makulli injin ya tsaya da kansa.

Martins ya shiga ƙarƙashin motar da tasar tara mai, ya kwance ƙusar mai. Ya tara yatsu biyu ya murza. Ya daɗe a kwance kafin ya fito.

"Yashi ne," ya ce. "Wani ya zuba yashi a cikin injin nan."

Godspower ne ya fara ɗaga murya, wani ƙato mai lodin tifa. Ya ce jiya da yamma da idonsa ya ga Mahadi, Bafulatanin rugar bayan rafi, yana fitowa ta bayan gareji da jarka a hannu. Cikin rashin sa'a, a daidai lokacin Mahadi ya biyo titi a kan babur, ya kai wa matarsa ƙwaryar nono kasuwa yana komawa. Ba a tambaye shi komai ba, aka rufe shi da duka. Da ƙyar mai unguwa ya ƙwace shi, ya tura shi ɗakin da Martins ke ajiye kayan aiki, ya zauna a bakin ƙofa da sandarsa.

Samarin unguwa suka ce sun ji, ba za su taɓa shi ba. Amma in rana ta faɗi ba a nuna musu wani ba, ruga za su tafi.

Mai unguwa ya taɓa ganin abin da ke biyo bayan irin wannan tafiya. Ya aika a kira Gidaɗo.

* * *

Gidaɗo dattijo ne siriri, mai bin sawu. Ya bar kiwo da daɗewa, ya zauna kusa da Madakiya yana noman masara. In an sace saniya a ruga shi ake kira, in an sace alade ko akuya a cikin gari shi ake kira, kuma ba a taɓa jin ya karkata ga wani ba. Amma da ya sauka daga babur a ƙofar gareji, ya ji wani daga cikin samarin yana cewa, "An kawo ɗan'uwansa ya wanke shi." Bai waiga ba.

Cikin garejin ba abin da zai karanta. Taron safe ya tattake ko'ina. Ya zagaya motar, ya ga murfin gabanta a cire, injin a fili. Ya ga wata tsohuwar taya a jingine da bamba, ƙarfen gaban motar.

"Kai ka sa wannan?" ya tambayi Martins.

"A'a, Baba. Ni tsalle ɗaya nake hawa."

"Yaushe ka zuba mai?"

"Jiya, daf da ruwa zai sauka. Sabo fil. Na rufe da hannuna, na kulle ƙofar gaba, na tafi gida."

"Ta baya fa?"

Martins ya nuna masa inda langalanga ya ɓalle a katanga. Mutum zai iya shiga in ya sunkuya.

Gidaɗo ya ce a wanke masa yashin. Martins ya ɗebo daga gindin tasa, ya zuba masa fetur a murfin gwangwani, ya tace. Fari ne, mai manyan ƙwayoyi, yana ƙyalli. Ƙasar garejin kuwa ja ce, haka ta duk unguwar.

"Na rafi ne," in ji Martins.

Gidaɗo ya ƙulle kaɗan a bakin rawaninsa, ya ce a buɗe masa ɗakin kaya.

Mahadi yana zaune a ƙasa tsakanin jak da tarin sifana. Idonsa ɗaya ya rufe, hannun hagu yana reto. Da Fulatanci suka yi magana.

"Baffa, ban taɓa motar ba. Tsohon baƙin mai na zo ɗiba. Kaska ta dami shanu, wasu kuma kofato ya tsage. Martins ne ya ce in riƙa ɗiba a durom duk lokacin da nake so."

"Ka dawo bayan ruwa?"

"Me zai dawo da ni? Rafi ma ya cika, sai da safe na iya haye shi."

Gidaɗo ya juya ga Martins, ya koma Hausa. "Gaskiya ne kai ka ba shi izini?"

"Gaskiya ne."

"Ka faɗa musu?"

Martins ya sunkuyar da kai. "Na ga idanunsu, Baba. Ina da yara a gida."

Suna nan Milka ta shigo da kwanon ruwa da tsumma. Ƙaramar mace ce, mai furfura a gefen ɗankwali. Ta durƙusa ta fara goge jinin da ya bushe a fuskar Mahadi. Ruwan yana zuba a zaninta, ba ta lura ba.

"Sannu, ɗana," take cewa. "Ubangiji ya yi mana jinƙai. Sannu."

"Na gode, Mama," in ji Mahadi.

Gidaɗo ya fita ta ramin langalanga. Sawun Mahadi yana nan, takalmin roba irin na makiyaya, shiga ɗaya fita ɗaya, kuma ruwan sama ya dake shi har gefunansa sun narke. Kafin ruwa ya zo, kafin ruwa ya tafi. Amma daga bakin katanga hanyar ciyawa ce ta ratsa gonar masara, ciyawa kuwa ba ta riƙe sawu yadda ƙasa ke yi. Ya san wanda bai yi ba. Wannan kaɗai ba zai hana kowa zuwa ruga ba.

* * *

Yafet yana zaune a kan matakin motar, kansa a tsakanin gwiwoyi. Gidaɗo ya kwance bakin rawani ya nuna masa yashin.

"Wa ke da irin wannan a unguwar nan?"

Yafet ya daɗe yana kallo. Sai ya miƙe a hankali. "Godspower," ya ce. "Kullum cikin yashin rafi yake. Kuma ya zo ya roƙe ni in ɗauke shi yaron mota, na ce ko shi kaɗai ya rage a Kafanchan ba zai hau motar nan ba."

"Saboda me?"

"Ka tambaye shi inda yake lokacin da aka tafi da babana."

Gidaɗo ya riƙe masa hannu. "Zauna. An riga an doki mutum ɗaya yau a kan zato."

Ya sami Godspower a gindin mangwaro, ya janye shi gefe. Akwai farin yashi a naɗin wandonsa, da cikin igiyar manyan takalmansa. Gidaɗo ya nuna masa na rawani, ya nuna masa na wando.

Godspower ya fara da hargowa. Da ya ga dattijon bai motsa ba, muryarsa ta sauka.

"Baba, ni? Motar Oga Samson? Shi ya ɗauke ni daga tasha ba ni da kowa."

"Ɗansa ya ce kana nan lokacin da aka tafi da shi."

Godspower ya zauna a kan saiwar mangwaron. Ya ce sun ɗauko citta ne za su Abuja, ta hanyar Kwoi. A dajin da ke gaban Kagarko masu bindiga suka fito musu. Samson ya ce masa ya dira ya gudu, ya gudu. Ya kwana cikin ƙaya yana jin suna dukan Samson. Aka yi makonni ana magana da su ta waya, Milka ce da kanta ta kai abin da suka nema, don sun ce mace suke so ta kawo. Suka karɓa, suka nuna mata wani kwari, suka ce ta je ta ɗauki mijinta. Gawarsa ta samu.

"Tun ranar Yafet bai ƙara kallon fuskata ba. Na gudu, na yarda. Amma in ɓata motar? Ko yashin da aka shimfiɗa a kabarin Oga ni na kawo shi, Baba, da tifa, ban karɓi komai ba."

"A kabarinsa akwai farin yashi?"

"Shi kaɗai a duk maƙabartar. Mama ce ta ce ba ta so ciyawa ta fito."

"To me ya sa ka nuna Mahadi?"

Godspower ya share fuska da tafin hannu. "Na gan shi da gaske. Kuma na san in ban yi sauri ba, ni za a fara kallo."

Gidaɗo ya dubi ƙafafunsa, ya dubi tsawonsa. Wannan ba ya bukatar taya kafin ya kai ga bakin injin.

* * *

Ya koma hanyar ciyawa, wannan karon a tsugune. Ba sawu yake nema ba. Ya riƙa buɗa ciyawar da yatsa, har ya ga abin da yake so: 'yan ƙwayoyi farare a kan jar ƙasa, a bushe, ruwa bai taɓa su ba. Gaba kaɗan wasu. Duk wanda ya ɗauko yashin, abin da ya ƙunsa shi a ciki yana da huji.

Hanyar ta rabu biyu a ƙarshen masara. Ta dama ta gangara rafi, inda ake hayewa zuwa ruga. Ƙwayoyin hagu suka bi, suka hau tudu ta bayan coci.

Maƙabarta ba kowa, sai kukan kurciya. Kabarin Samson yana can gefe, da gicciyen ƙarfe, fari tas a tsakiyar kaburbura masu ciyawa. Gidaɗo ya tsaya nesa, ya cire takalmansa, ya zagaya.

Yashi mai laima ya riƙe komai. Sawun silifas ne ƙanana, na dama ya cinye ta dunduniya. A wajen kan kabarin akwai rami biyu na gwiwoyi, sun nutse sosai, har saƙar zani ta fito a ciki. Wanda ya durƙusa nan ya daɗe. Akwai wurin da goshi ya taɓa ƙasa. A gefen dama kuma an kwashi yashi da hannu, ƙaramin hannu, yatsun sun bar layi.

Gidaɗo ya zauna a kan wani dutse. Ya bi sawun ɓarayi da yawa a rayuwarsa, kuma duk lokacin da ya kai ƙarshe yakan ji sanyi a ransa. Yau bai ji ba. Ya ɗaga kai. Hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsun Kagoro, baƙi ƙirin, iska kuma ta juyo.

Ya san in ya koma ya faɗa da baki, ba wanda zai yarda. Bafulatani ne zai wanke Bafulatani, ya ɗora laifi a kan uwar zumunta. Sai sun gani da idonsu. Ya tare wani mai babur a bakin coci, ya ce ya gaya wa mai unguwa ya kawo kowa maƙabarta, har da Mahadi, kuma su yi sauri.

Shi kuma ya bi ta gidan Samson.

* * *

Milka ta dawo gida. Tana zaune a tsakar gida da faifan acca a cinya, amma ba ta tsintar komai. Silifas ɗinta suna bakin ƙofar ɗaki. Gidaɗo ya yi sallama, ya roƙi ruwan sha. Da ta shiga ɗauko masa, ya juya na daman da ƙafa, ya mayar da shi yadda yake.

Ya sha ruwan, ya gode.

"Maman Yafet, daga wurin mai gidanki nake."

Ba ta ɗago ba.

"Na kira mutane can. Amma kin ga sama. In ruwa ya riga su, ba ni da abin da zan nuna musu. Ni ba zan kira sunan kowa ba in ba shaida a ƙasa, ban taɓa yi ba. Rana kuma ta kusa faɗuwa. Akwai mata da yara a rugar nan."

Ta ɗauki ƙwayar acca ɗaya, ta ajiye.

"Kana da 'ya'ya, Baba?"

"Ina da su."

"Akwai wanda ka taɓa ɗauka daga kwari?"

"A'a."

"To ka je," ta ce.

Ya tafi, bai san ko za ta zo ba.

* * *

Mai unguwa ne a gaba, sai fasto, sai Martins yana tallafe da Mahadi. Yafet da Godspower suna tafe, kowa a gefensa. Samarin suna baya, wasu da sanduna, ɗaya da galan ɗin fetur da bai ɓoye ba. Sun shigo ƙofar maƙabarta ke nan ɗigon farko ya faɗo.

"Ku yi sauri," in ji Gidaɗo. "Mai unguwa, Fasto, ku zo nan. Ku dubi nan."

Ya cire babbar rigarsa zai rufe wurin, iska ta fizge ta. Ruwan ya sauka gaba ɗaya kamar an kifar da randa. Mai unguwa da sandarsa bai kai rabin hanya ba. Gidaɗo yana tsaye yana kallo, layin yatsun ya shafe, ramin gwiwoyin ya cika ya baje. Kafin su iso, farin yashi ne kawai, sumul.

Suka fake a ƙarƙashin wata bishiyar ɗorawa. Gidaɗo ya faɗi abin da ya gani, yana ɗaga murya saboda ruwa. Ya ce Mahadi ya zo kafin ruwan jiya ya tafi kafin ruwa. Ya ce wanda ya zuba yashin gajere ne, sai da ya taka taya. Ya ce daga kabarin nan aka ɗebo yashin da asuba, kuma wanda ya ɗiba ya durƙusa ya yi addu'a tukuna.

"Wane ne?" in ji Yafet.

"Ƙasa ta shafe. Ba zan faɗi abin da ba zan iya nunawa ba."

Wani daga baya ya yi dariya. "Kun ji ko? Ya jawo mu cikin ruwa ya ba mu labari. Shi ya ga sawu, shi kaɗai, sai ruwa ya cinye!"

"Har kabarin babana za ka sa a ciki?" in ji Yafet. "Don ka kuɓutar da naka?"

Mai galan ya juya ya nufi ƙofa. Wasu suka bi shi. Fasto yana kira, ba mai sauraro. Mai unguwa ya ɗaga sanda, aka ture ta.

A bakin ƙofar suka ci karo da Milka. Ba lema, ba ɗankwali, zaninta ya manne mata. Ƙofar ƙarama ce, ta tsaya a tsakiya.

"Ku koma," ta ce. "Ni ce."

Ba su gane ba. Ta ɗaga wata baƙar leda, ta zura yatsa ta hujin da ke gindinta.

"Da wannan na ɗauka. Da asuba, kafin addu'ar safe. Na taka taya na hau. Shekara nawa ina zuba wa Samson mai kafin ya fita, na san inda bakin yake."

Yafet ya ratso mutane ya zo gabanta. "Mama, kada ki yi ƙarya don ki ceci wani."

"Ban taɓa yi maka ƙarya ba sai yau da safe, da na zauna ana waƙa."

"Mama, me ya sa?"

"Na roƙe ka. Na ce ka yi noma, ka ce citta ta yi ciwo bara waccan, ƙasa ba abin dogaro ba ce. Na ce ka sayar da motar, ka ce ta babanka ce. Na yi azumi, na yi addu'a kada injin nan ya tashi, sai na ji Martins yana cewa ya fi sabo. Ni na ɗauko babanka, Yafet. A bayana na goyo shi har bakin titi, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Yanzu ba ni da wannan ƙarfin. In sun kira ni a kanka, wa zai goyo ka?"

Mai galan ya ajiye shi a bayan wani kabari, kamar ba nasa ba.

Milka ta wuce ɗanta, ta je gaban Mahadi ta durƙusa a cikin taɓo.

"Ka yafe mini, ɗana."

Mahadi ya dube ta da idonsa ɗaya. "Mama, kina wurin lokacin da suke dukana?"

"Ina wurin."

"Kin ji sun ce za su tafi ruga?"

"Na ji."

"Matata Zamzam takan kawo miki nono har gida. 'Yata kina ba ta rake. Da Baffa bai zo ba, da yaushe za ki faɗa?"

Mahadi ya ce wa Martins ya kai shi wurin mai ɗori, suka fita ta tsakiyar samarin, kowa yana matsawa ba ya kallonsa.

* * *

Mai unguwa ya yanke cewa iyayen waɗanda suka yi dukan su ɗauki jinyar Mahadi, shi da fasto kuma suka haye rafi suka ba ardo haƙuri. Ardo ya karɓa. Amma Zamzam ba ta ƙara shigowa unguwar da ƙwaryarta ba, kuma kafin kaka rugar ta matsa can gaba.

Yafet bai yi wa uwarsa faɗa ba. Magana ce kawai ya daina yi mata, in ban da gaisuwa. Ba shi da alade, ba shi da mota. Da aka fara haƙar citta, wani ɗan kasuwa ya nemi direba, ya karɓa.

Gidaɗo ya shigo gari wata safiya sayen gishirin dabbobi, ya bi ta garejin. Injin Samson yana ƙasa a warware, a kan buhuna. Milka tana zaune a kan ƙaramar kujera da tasar gas da buroshi, tana wanke ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. Wayarta tana kan cinya.

Martins ya jawo shi gefe. "Kullum tana nan tun safe. Kirankshaf ya tafi, tobo ya tafi, sai an sake daga farko. Ta sayar da gonarta ta bakin rafi don ta biya gyaran."

"Ita da ta kashe shi?" in ji Gidaɗo.

"Ranar da Yafet ya kawo motar ɗan kasuwar nan in duba masa, ta ji muryarta. Matar direba ce, ta san abin da ta ji. Ta tambaye ni, na gaya mata gaskiya." Martins ya rage murya. "Baba, ka san inda aka tare Oga Samson? A hawa ne. Tsohon injin ba shi da ƙarfi, da lodi sai ya yi rarrafe, mutum a ƙasa ma zai kamo shi. Shi ya sa Yafet ya nace in sa tobo. Wannan da na haɗa, da gudu zai haye wurin. Wadda yake ja yanzu ta fi ta babansa gajiya."

"Ba ku gaya mata ba tun farko?"

"Yafet ya ce kada a ambaci wurin a gabanta."

Milka ta ɗago. "Sannu, Baba," ta ce. "Martins, wannan ya fita?"

Martins ya karɓi ƙarfen, ya shafa yatsa a cikin raminsa. "Saura kaɗan, Mama. Ƙwaya ɗaya ma in ta rage, aikin banza ne."

Ta mayar da shi cikin gas.

"Yau da sassafe ya tafi," ta ce wa Gidaɗo, ba ta daina gogewa ba. "Ya ce zai kira in ya wuce Kagarko."

Gidaɗo ya yi musu sallama. A bakin titi, inda motar ɗan kasuwar ta tsaya aka ɗaure lodi, ya ga tabon baƙin mai, sabo, faɗin faifai. Daga nan ɗigo ya miƙe a kan kwalta, ya nufi hanyar Kwoi. Bai yi niyya ba, ƙafarsa ce ta bi. A farko sai ya yi taku da yawa kafin ya ga na gaba. Da ya wuce gidan mai, tazarar ta ragu. A kwanar da ke fita gari ɗigon ya kusa haɗewa ya zama layi. Yoyon man motar ƙaruwa yake yi.

Ya tsaya a nan yana kallon inda titin ya shige cikin itatuwa. Sannan ya juya, ya bi wata hanya zuwa kasuwa, wadda ba ta bi ta gaban garejin ba.